Istiharar Aure A Lafiyar Barebari

Idan magabatan saurayi suka yi sallama a ƙofar gidan yarinya a garin Lafiya, aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, suka ajiye goronsu, suka faɗi abin da ke tafe da su, da wuya su tashi ba su ji mai gida ya ce, "To, madalla, mun ji, amma ku ɗan ba mu lokaci mu yi istihara" ba. Wannan amsa ce ta mutunci, wadda ta dace da bakin Musulmi, kuma babu wanda zai ji ta ya ce an wulaƙanta shi. Sai dai wanda ya daɗe yana zama da mutane ya san ba abu guda ake nufi da ita a kowane gida ba. A wani gidan, nufin mai gida shi ne zai yi alwala ya yi nafila raka'a biyu, ya roƙi Ubangijinsa zaɓi, ya kuma umarci 'yarsa ta yi haka nan. A wani gidan kuwa, tun baƙi ba su kai bakin titi ba, uwar yarinya ta yafa mayafi ta nufi wurin wani malami da sunan yaron da na mahaifiyarsa. Akwai kuma gidan da an riga an yanke hukunci tun kafin a shimfiɗa tabarmar, an dai ari kalmar ne domin a sallami baƙi cikin girma da arziki.

Dalilin da ya sa nake ganin wannan magana ta fi shafar mutanen Lafiya bisa ga mutanen wasu garuruwa shi ne irin ginin garin kansa. Tun lokacin da Muhammadu Dunama ya taso da jama'arsa daga ƙasar Barno ya kafa shi, fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, a tsakiyar ƙasar Alago da Gwandara da Eggon da Migili, Lafiya ba ta taɓa zama garin ƙabila ɗaya ba. Fatake masu bin gishirin Keana da Awe sun yada zango, wasu ba su sake ɗaura kaya ba; jirgin ƙasa ya ratso daga Fatakwal zuwa Kafanchan ya sauke nasa baƙin; aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996, ma'aikata suka kwaso iyalansu daga Jos; sa'an nan aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, samari da 'yan mata suka kwararo daga kowace kusurwa. A zamanin da, a cikin tsohon gari, in aka ce ɗan gidan wane yana neman 'yar gidan wane, tsofaffi sun san kakansa, sun san wadda ta shayar da shi, sun kuma san ko akwai hauka ko kuturta ko taɓe-taɓe a zuriyar. Yau kuwa yaron da iyayensa ke Doma ko Zariya ko Wukari zai haɗu da yarinyar Bukan Sidi ko Tudun Gwandara a aji, ko a wurin aiki, ko ma a waya, har magana ta yi nisa alhali babu wanda ya san wani. Gwargwadon yawan abin da ya ɓoyu ga mutum, gwargwadon yadda zuciyarsa ke kwaɗayin wanda zai leƙa masa gaibu, kuma daga wannan kwaɗayi ne duk rikicin ya taso.

Asalin istihara hadisi ne na Jabir ɗan Abdullahi, mutumin Madina, Allah Ya yarda da shi, wanda Imamu Buhari, da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya kawo a wuri fiye da ɗaya cikin Sahihinsa, Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i da Ibnu Majah kuma suka ruwaito shi. Jabir ya ba da labari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana koya musu istihara a cikin dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani, kuma wannan kwatance kaɗai ya isa ya nuna cewa lafazi ne da ake so kowa ya haddace, namiji da mace, malami da jahili. Yadda aka siffanta ta shi ne, idan mutum ya yi niyyar wani al'amari, sai ya sallaci raka'a biyu waɗanda ba na farilla ba, sa'an nan ya yi addu'ar. A farkonta bawa yana neman zaɓi da ilmin Allah, yana neman iko da ikonsa, yana roƙon falalarsa mai girma, yana kuma iƙirari cewa shi ba ya iyawa ba ya sani, Allah ne Mai iko, Masanin abubuwan da ke ɓoye. Daga nan sai ya ambaci bukatarsa da suna, ya ce in Allah Ya san alheri ce gare shi cikin addininsa da rayuwarsa da ƙarshen al'amarinsa, to, Ya ƙaddara masa ita, Ya sauƙaƙa masa, Ya sanya masa albarka a ciki. In kuwa Ya san sharri ce, Ya kawar da ita daga gare shi, shi ma Ya kawar da shi daga gare ta, Ya ƙaddara masa alheri a duk inda yake, sa'an nan Ya sa ya yarda da shi.

Duk wanda ya taɓa shiga tarkon so zai gane hikimar rabin addu'ar na biyu fiye da wanda ya karanta ta a littafi kawai. Ba a tsaya ga roƙon a kawar da abin ba, an haɗa da roƙon a kawar da shi mai roƙon daga abin, domin sau da yawa aure yakan fasu, yarinya ta tare a ɗakin wani, amma zuciyar saurayi ta ƙi barin ƙofar gidansu shekara da shekaru, ya auri wata yana gwada ta da wadda ya rasa, ya cuci baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba. Haka nan aka rufe da roƙon yarda, saboda mutum yana iya samun zaɓin da ya fi masa alheri amma ya rayu yana ƙunƙuni a kansa. A cikin addu'ar gaba ɗaya, daga farkonta har ƙarshenta, babu inda aka ce, "Ka nuna mini." Abin da aka roƙa shi ne ƙaddarawa da sauƙaƙawa da albarka, ko kuwa kawarwa da musanyawa da yarda, kuma duk waɗannan ayyuka ne da Allah zai yi wa bawa a cikin al'amarinsa, ba labari ne da zai aiko masa ba.

A kan aure musamman, babbar hujja ita ce ƙissar Nana Zainabu 'yar Jahshi, wadda Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas ɗan Malik. Da iddarta ta cika, aka aiko Zaidu ɗan Harisa ya gaya mata Manzon Allah yana nemanta, sai ta ce ba za ta zartar da kome ba sai ta nemi umarnin Ubangijinta, ta tashi ta nufi wurin sallarta, sa'an nan ayar da ke cikin Suratul Ahzab ta sauka. Ga mace, ga manemin da babu kamarsa a bayan ƙasa, amma ba ta ce abin a fili yake ba, ba ta kuma aika wani ya yi mata ba. Imamu Nasa'i har babi ya ƙulla a kan sallar mace da istihararta idan aka nemi aurenta. Akwai kuma wani hadisi na Abu Ayyuba Al'ansari a cikin Musnadin Imamu Ahmad, wanda ya keɓanta da neman aure, inda aka ce mutum ya ɓoye maganar neman, ya kyautata alwala, ya yi sallah, ya ambaci matar da sunanta, ya roƙi a ƙaddara masa ita in ita ce alheri, in kuwa wata ce ta fi, a ƙaddara masa waccan. Malaman hadisi sun yi saɓani a kan ƙarfin isnadinsa, saboda haka hadisin Jabir ne abin dogaro, amma nasihar ɓoye magana kafin ta nuna, kowane dattijo zai ce gaskiya ce.

Hukunce-hukuncenta ba su da yawa. Ana yin ta dare ko rana, ban da lokutan da aka hana nafila, watau bayan sallar Asuba har rana ta ɗaga, da bayan La'asar har a yi Magariba. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 676, ya so a karanta Ƙulya a raka'ar farko, Ƙulhuwallahu a ta biyu, amma wanda ya karanta wasu surori istihararsa ta yi. Mafi yawan malamai sun ce addu'ar bayan sallama take, Ibnu Taimiyya ya fifita a yi ta kafin sallama. Mace mai haila, in al'amari ya matso, sai ta yi addu'ar ba tare da sallah ba. Maimaitawa babu laifi, gama Abdullahi ɗan Zubairu, da zai rushe Ka'aba ya sake gina ta bayan gobarar shekara ta 64, ya ce zai nemi zaɓin Ubangijinsa sau uku. Hadisin da ya ƙayyade sau bakwai kuwa mai rauni ne.

Ba a istihara a kan abin da shari'a ta riga ta yanke. Wanda ya ce zai nemi zaɓin Allah a kan auren 'yar'uwarsa ta shayarwa, ko ɗaura aure da matar da ke cikin idda, ko shiga neman da ɗan'uwansa Musulmi ya riga ya kai har aka amince masa aka tsayar da sadaki, wannan wasa yake yi da addini. A ƙasar Lafiya, inda za ka sami gida ɗaya, musamman a cikin Eggon da Alago, wa yana zuwa masallaci ƙane yana zuwa coci, kuma suna cin tuwo a akushi ɗaya, wannan ƙa'ida tana bukatar a san ta sosai. Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba, babu raka'a biyun da za ta canja wannan. Musulmi kuwa Suratul Ma'ida ta halatta masa kamilalliyar mace daga Ma'abota Littafi, ko da yake Imamu Malik ya karhanta saboda tarbiyyar 'ya'ya. To, irin wannan wuri, da abin ya halatta amma ƙarshensa ya ɓoyu, shi ne ainihin mahallin istihara.

Sai maganar mafarki, wadda ita ce ta fi ɗaure wa samari da 'yan mata kai. Za ka ji yarinya ta ce ta yi istihara dare bayan dare ba ta ga kome ba, wata kuma ta ce ta ga ruwa mai duhu ko baƙin sa yana bin ta, saboda haka ta fasa. Gaskiya ne wannan zance yana da tushe a wasu littattafai, domin Ibnu Abidin, babban malamin Hanafiyya na Dimashƙa wanda ya rasu a 1252, ya naƙalto daga shehunnai cewa mutum ya kwanta da alwala yana fuskantar alƙibla, in ya ga fari ko kore alheri ne, in ya ga baƙi ko ja ya nisanci abin. Amma wannan abin da aka ji ne daga shehunnai, ba ya cikin hadisin. Malamin da ya fi kusa da mu a mazhaba, Ibnul Hajj, Bamaliki mutumin Fas wanda ya rasu a Alƙahira a 737, ya soki masu dakatar da al'amarinsu har sai sun ga mafarki ko wani ya gano musu, ya ce abin da aka umarce mu da shi shi ne istihara da shawara. Littafinsa Almadhal kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan, da shi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya dogara ƙwarai a wajen rubuta Ihya'us Sunna. Ban da haka, hadisi ingantacce ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, da firgitarwar Shaiɗan, da zancen zuci. Saurayin da ya wuni yana duban hoton yarinya a waya, ya kwanta ya gan ta cikin fararen kaya tana murmushi, shi da kansa ya san daga wane kashi nasa mafarkin ya fito. Ko buɗewar ƙirji da Nawawi ya ce a bi bayan istihara, malamai sun gindaya mata sharaɗin kada ta zama son zuciyar da aka shiga sallar da shi. Ibnuz Zamlakani ma cewa ya yi mutum ya ci gaba da abin da ya bayyana gare shi, ƙirjinsa ya buɗe ko bai buɗe ba, gama alherin yana cikin abin da zai auku.

Abin da ya fi mafarki hatsari shi ne duba da aka sa wa rigar istihara. Uwa za ta shiga zauren malam ta durƙusa daga gefen buzu, ta ce, "Allah gafarta Malam, maganar yaran nan ce na kawo a yi mana istihara." Sai ya tambayi sunan yaron da na uwarsa, da sunan yarinyar da na tata uwar, ya lissafa haruffa da hisabin abajada, ya tara ya raba, ko kuwa ya share rairayin da ke gabansa da tafin hannu, ya ɗiga ɗigo layi-layi yana gogewa bibbiyu, har ya fitar da gidajensa goma sha shida. Can sai ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, tauraronsu bai zo ɗaya ba, shi wuta ne ita ruwa, kuma ina ganin yarinyar nan kamar da farar ƙafa, amma akwai taimakon da za a yi." Taimakon kuwa ba ya wuce farin zakara, ko rago, ko kuɗin turare. Babu alwala a nan, babu raka'a biyu, babu iƙirarin cewa bawa ba ya sani, sai ma da'awar sanin abin da addu'ar Jabir ta keɓe wa Allah Shi kaɗai. Larabawan Jahiliyya haka suke yi in za su yi aure ko tafiya, su je wurin gunkin Hubal a zaro musu kibau masu rubutun umarni da hani, Alƙur'ani ya haramta wannan a Suratul Ma'ida, kuma Shah Waliyyullahi na Dilli ya bayyana cewa istihara aka ba Musulmi a madadinsa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Shehu Usmanu ma, a cikin Nurul Albab, ya lissafa masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da taurari a cikin waɗanda ya yi kakkausan inkari a kansu, kuma Lafiya tana cikin garuruwan da suka bi tutarsa ta hannun Bauchi. Abin baƙin ciki shi ne yawan 'ya'yan mutane da aka laƙa wa farar ƙafa ko ƙashin tsiya ta wannan hanya, manema suka watse, suka tsufa a gaban iyayensu ba su san laifinsu ba.

Kada a ɗauki wannan a matsayin suka ga dukkan malaman zaure, domin a cikinsu akwai masu tsoron Allah waɗanda in ka kai musu irin wannan magana za su yi maka addu'a, su koya maka lafazin, su ce ka je ka yi da kanka. Ko batun wani ya yi wa wani istihara ta sunna, watau ya yi sallar ya yi addu'ar a madadinsa, wasu malaman Malikiyya da Shafi'iyya sun halatta, suna kafa hujja da hadisin da ya kwaɗaitar da mutum ya amfani ɗan'uwansa in ya sami iko, ko da yake Alhaɗɗabi, mai sharhin Muhtasar, ya ce bai ga nassi a kai ba. A ganina uba ya yi tasa a kan ba da 'yarsa, gama bayarwar al'amarinsa ne, uwa ta yi addu'arta, amma wanda zai zauna a ɗakin, shi ya fi cancanta ya tsaya gaban Ubangijinsa, kuma babu malamin da zai ji zafin abin kamarsa.

Istihara ba ta tafiya ita kaɗai, tare take da shawara da bincike, kuma sunna ta nuna irin shawarar da ake nufi. Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta zo ta gaya wa Manzon Allah cewa Mu'awiya ɗan Abu Sufyana da Abu Jahmi suna nemanta, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim. Bai ce ta je ta jira mafarki ba; ya gaya mata ƙarara cewa Mu'awiya matalauci ne ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuwa ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, sa'an nan ya nuna mata Usama ɗan Zaidu, ta ƙi da farko, daga baya ta aure shi ta ji daɗin zama. Daga nan malamai suka fitar da cewa faɗin aibin manemi ga wanda ya nemi shawara ba giba ba ce, nasiha ce ta wajibi. Mu kuwa, in aka zo bincike, sai kowa ya ce, "Ai yaron kirki ne, ba ruwansa," saboda kada a ce shi ya ɓata aure, alhali ya san yaron yana shaye-shaye, ko ya san dalilin fitar matarsa ta fari. Mai sarin doya a kasuwar Lafiya ba ya biyan kuɗin ƙwarya sai ya tsuguna ya juya ta ɗaya bayan ɗaya yana neman ruɓa da ƙuna, ga abin da za a cinye cikin wata guda ke nan. Amma a ba da 'ya ta har abada bisa shaidar abokin ango. Binciken gaskiya shi ne a taka har garin su yaron, ko Keana ne ko Akwanga ko Katsina, a tambayi limamin unguwarsu ko yana ganinsa a sahun Asuba, a tambayi wanda ya taɓa bin sa bashi, da wanda ya taɓa tafiya da shi, a kuma ga yadda yake magana da mahaifiyarsa. Su ma manema an umarce su su dubi juna, kamar yadda aka umarci Mugira ɗan Shu'uba ya dubi wadda yake nema domin zama ya ɗore.

A zamaninmu bincike ya sami wani reshe da kakanninmu ba su sani ba, watau gwajin jini. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu amosanin jini, wanda ake kira sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ciwon a ƙasar nan kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinsa bai sani ba, domin shi lafiyarsa lau. Idan mai AS, watau mai ɗauke da irin, ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa SS, watau mai ciwon, kuma wannan lissafi sabo yake komawa a kowane ciki, ba wai in an haifi ɗaya mai ciwon sauran uku sun tsira ba. Jihar Kano ta mai da gwajin doka a watan Mayu na 2024, ta haɗa da na ƙanjamau da ciwon hanta. Wanda ke ganin wannan ƙarancin tawakkali ne, ya tuna da Sayyidina Umar lokacin da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Fikihunmu na Malikiyya ma tun da can ya ba ma'aurata zaɓin rabuwa saboda hauka da kuturta da albaras da ciwon da ke hana kusanta, saboda haka duba lafiya kafin aure ba baƙon abu ba ne a shari'a. Kuskuren da ake yi shi ne jinkirta gwajin sai an sa rana, an kai lefe, an buga kati, lokacin da fasawa ta zama abin kunya. Wanda ya roƙi Allah Ya kawar masa da abin in sharri ne, sa'an nan ya karɓo takarda daga asibiti ta nuna AS da AS, bai kamata ya koma yana cewa har yanzu yana jiran alama ba.

Akwai hakkin yarinya a cikin wannan al'amari wanda ake yawan tsallakewa. Risalar Ibnu Abi Zaidin ta ba uba ikon aurar da budurwarsa, wannan sananne ne ga duk wanda ya yi karatun zaure, amma an ba shi ikon ne domin maslaharta, kuma malaman mazhaba sun so ya shawarce ta. Hansa'u 'yar Hizamu, wadda bazawara ce, ubanta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara, Manzon Allah ya warware auren. Uban da ya ce, "Na yi istihara, an nuna mini shi ne mijinki," domin ya rufe bakin 'yarsa, ya jingina wa Allah abin da zuciyarsa ta zaɓa, ya kuma hana ta abin da Nana Zainabu ta yi. Ɗan'uwan wannan a laifi shi ne saurayin da ya shekara uku yana zuwa zance, ya kori manema, ya ci girkin gidan, sa'an nan da ya hango 'yar mai kuɗi sai ya aiko da saƙo ta waya cewa ya yi istihara bai ga alheri ba. Lokacin istihara shi ne farkon niyya, tun zuciya ba ta karkata ba, tun ba a ɓata wa kowa lokaci ba. Wanda ya gaji kuwa ya faɗi gaskiya ya nemi gafara.

Wasu sukan tambaya, to, ga wanda ya yi istihara yadda aka koyar, ya yi shawara, ya yi bincike, aka ɗaura, amma zama ya ƙi daɗi, ko ma aure ya mutu, ina alherin? Addu'ar ba ta yi alkawarin gida marar saɓani ba, alherin da aka roƙa ya game addini da rayuwa da ƙarshen al'amari, kuma ƙarshen ba a ganinsa daga tsakiya. Wataƙila rabon ɗa nagari ne, wataƙila haƙurin da za a auna ranar gobe, kuma Suratun Nisa'i ta gargaɗi maza cewa suna iya ƙin wani abu a matansu alhali Allah Ya sanya alheri mai yawa a cikinsa. Wannan ba ya nufin mace ta zauna ana dukanta don ta yi istihara. Saki da hul'i suna nan a shari'a, kuma su ma al'amura ne da ake neman zaɓin Allah a kansu.

Roƙona ga limamai da malaman Islamiyya na Lafiya da kewayenta, daga Shabu zuwa Kwandere zuwa Agyaragu, shi ne su sa wannan addu'a cikin abin da yara ke haddacewa tare da Ahalari da Ishmawi, maza da mata, su fassara musu ita jimla-jimla da Hausa, da kuma harshen gida ga wanda Hausarsa ba ta nuna ba. Tana nan cikin ƙananan littattafan addu'o'i da ake sayarwa a bakin masallatan Juma'a, kuma yaro mai matsakaicin ƙwaƙwalwa zai riƙe ta cikin mako guda. Limamin da aka kawo wa maganar ɗaurin aure kuma, kafin ya tambayi waliyyi nawa ne sadaki, ya tambaya ko an ji ta bakin yarinya, ko an yi gwajin jini, ko kuma su biyun sun yi raka'a biyun da kansu.